Gwajin Antibodi Maci-gida a Cututtukan Gaɓoɓin Homon: Abin da Yake Faɗa da Inda Bakinsa Ya Tsaya

1.0 GABATARWA

Duk malamin da ke koyar da ilmin halittu a kwalejin horon malamai ya san cewa aikinsa bai tsaya a cikin aji ba. Sau da yawa ɗalibi kan tare shi a bakin ofis, ko maƙwabci ya yi masa sallama bayan magariba, a miƙo masa takardar sakamakon gwajin jini, a ce ya duba ya faɗi abin da ta ƙunsa. A 'yan shekarun nan irin waɗannan takardu sun fara zuwa da wasu sunaye da ba a saba gani ba, kamar TPO da TRAb da GAD, an rubuta lamba a gaban kowanne, an kuma nuna ko an sami abin a jini ko ba a samu ba. Shi kuwa mai takardar abu ɗaya yake son ji, watau yana da ciwon ne ko ba shi da shi.

Maƙasudin wannan takarda shi ne ta nuna wa mahalarta cewa wannan tambaya ta mai takardar ba ita ce irin wannan gwaji yake amsawa ba. Gwajin homon shi ke nuna ko gaɓa tana aikinta ko ta gaza. Shi kuwa gwajin antibodi yana nuna musabbabin gazawar ne, wani lokaci kuma ya yi ishara ga abin da zai iya faruwa nan gaba. Wanda ya haɗa waɗannan abubuwa biyu ya ɗauke su ɗaya, yana iya ɗora lafiyayye a kan magani na tsawon rai, ko ya raba marar lafiya da allurar da ke riƙe da ransa. Za a fara da bayanin kalmomi da ɗan tarihi, sa'an nan hanyoyin gwajin, kana a dubi gaɓoɓi uku ɗaya bayan ɗaya.

2.0 MA'ANAR KALMOMI

A cikin jikin ɗan Adam akwai wasu gaɓoɓi waɗanda ba su da bututun da zai kai abin da suke sarrafawa wani wuri, sai dai su zuba shi kai tsaye cikin jini. Abin da suke zubawa shi ake kira homon, watau sinadarin da ke ɗaukar saƙo daga wani sashe na jiki zuwa wani. A nan za mu kira su gaɓoɓin homon. Ta farko da za mu duba ita ce tayiroyid, wadda ke gaban wuya ƙasa da zakaran wuya, kuma kumburinta ne Bahaushe ke kira maƙoƙo. Tana yin homon T4 da T3 bisa umurnin wani homon mai suna TSH, wanda fituwitari ke aikowa daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Ta biyu ita ce fankiriyas, wadda ke kwance bayan tumbi. Wasu kan kira ta saifa, amma saifa wata gaɓa ce dabam. A cikin fankiriyas akwai 'yan tsibirai na ƙwayoyin halitta, su ne ke yin insulin. Ta uku ita ce adirinal, guda biyu ne, kowace tana zaune a kan ƙoda kamar hula, suna yin kotisol da aldositiron.

Antibodi kuwa furotin ne da wasu fararen ƙwayoyin jini ke ƙerawa domin su kama baƙon abu, kamar ƙwayar cuta. Kowane antibodi yana da abu guda da ya dace da shi, kamar yadda kowane kwaɗo yake da makullinsa, kuma wannan abu shi ake kira antijin. Idan garkuwar jiki ta kuskure ta ɗauki wani sashe na jikin mai ita a matsayin baƙo, sai ta ƙera antibodi a kansa. Wannan shi muka kira antibodi maci-gida, mun aro kalmar daga 'yan ƙwallo, waɗanda kan ce ɗan wasa ya ci gida idan ya jefa ƙwallo a ragarsu. Cututtukan da ke biyo bayan wannan kuskure kuma mun kira su cututtukan cin-gida.

Akwai wani bambanci da ya wajaba a riƙe tun daga nan. A mafi yawan waɗannan cututtuka, wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira T su ne ke rusa gaɓar, antibodi kuwa sawu ne kawai da ɓarnar ta bari a cikin jini. A cutar Graves ne antibodin da kansa yake aikata ɓarnar. Saboda haka a wani wuri gwajin ganin sawun ɓarawo ne, a wani wurin kuma kama ɓarawon ne da hannu.

3.0 TAƘAITACCEN TARIHI

A farkon ƙarni na 20 masana sun tafi a kan cewa jiki ba ya ƙera makami a kan kansa, kuma sukan jingina wannan ra'ayi ga Paul Ehrlich na Jamus. Ko da Hakaru Hashimoto na Japan ya yi bayanin wani irin maƙoƙo mai cike da fararen ƙwayoyin jini a jikin mata huɗu a shekarar 1912, ba a gane musabbabinsa ba sai bayan shekara arba'in da huɗu.

Shekarar 1956 ce ta sauya lamarin, domin abubuwa uku sun faru a cikinta. A Landan, Ivan Roitt da Deborah Doniach da abokan aikinsu sun sami antibodi mai kama tayirogulobulin, watau furotin da tayiroyid ke ajiye homon a cikinsa, a jinin masu cutar Hashimoto. A Buffalo ta Amurka, Noel Rose da Ernest Witebsky sun yi wa zomaye allurar ruwan tayiroyid, zomayen suka kamu da kumburin gaɓar. A Dunedin ta Niyu Zilan kuma, Adams da Purves sun gano wani abu a jinin mai cutar Graves wanda ke zuga tayiroyid na tsawon lokaci fiye da TSH, daga baya aka tabbatar antibodi ne.

Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1957 aka sami antibodi a kan adirinal a Gilasgo. A 1974 Gian Franco Bottazzo da Doniach suka sami antibodi a kan tsibiran fankiriyas. Aikin da ya biyo baya shi ne gano ainihin furotin da kowane antibodi yake kamawa: insulin a 1983, enzayim ɗin TPO na tayiroyid a 1985, GAD a 1990, enzayim ɗin 21-hayidirokisiles na adirinal a 1992, IA-2 a tsakiyar shekarun 1990, sai ZnT8 a 2007. Wannan ganowa ita ta ba da damar a riƙa sarrafa furotin ɗin tsantsa a masana'anta, a daina dogara da yankakken naman gaɓa.

4.0 HANYOYIN GWAJI

Duk hanyoyin da ake bi tushensu ɗaya ne. Ana ɗibar jini, a bar shi ya daskare, a juya shi a inji har ruwansa ya rabu da gudan, sa'an nan a haɗa ruwan da antijin ɗin da ake zargi. Idan akwai antibodi zai manne wa antijin. Abin da ya bambanta hanyoyin shi ne dabarar da ake bi a ga wannan mannewa.

4.1 Hanyar ƙyalli. Ana yanka naman gaɓa daskararre siriri ƙwarai, a shimfiɗa a kan gilashi, a zuba ruwan jinin marar lafiya, a wanke, sa'an nan a ƙara wani antibodi na biyu mai ɗauke da rini mai ƙyalli. Inda antibodin farko ya manne, wurin zai yi kore a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Albert Coons ne ya ƙago tushen wannan dabara a 1941, kuma da ita aka gano antibodin tsibirai. Aibinta shi ne tana bukatar fankiriyas na mutum mai rukunin jini O, kuma hukuncin yana ga idon mai dubawa, mutum biyu kan duba gilashi ɗaya su saɓa.

4.2 Hanyar dunƙulewar jini. Ana lulluɓe jajayen ƙwayoyin jinin dabba da antijin, idan akwai antibodi sai ƙwayoyin su dunƙule. Ana ta sirka ruwan jinin har dunƙulewar ta daina, a rubuta sakamako kamar 1:100 ko 1:1600. Hanya ce mai araha, amma takan kasa ganin antibodi idan bai yi yawa ba, kuma an bar ta a mafi yawan wurare.

4.3 Hanyar sinadari mai tururin nukiliya. Rosalyn Yalow da Solomon Berson ne suka ƙago ta domin auna insulin a wajen 1960, kuma a kanta Yalow ta sami kyautar Nobel a 1977. Ana liƙa wa antijin sinadarin, a bar antibodi ya kama shi, a tace, a ƙirga tururin. Tana da kaifi, ita ce aka daɗe ana auna sauran hanyoyi da ita a binciken ciwon sukari, sai dai tana bukatar lasisi da wurin zubar da shara mai haɗari.

4.4 Hanyar enzayim da ta haske. ELISA, wadda Engvall da Perlmann suka bayyana a Suwidin a 1971, tana amfani da enzayim mai sauya launin ruwa, a auna kaurin launin da inji. Injinan zamani kuma suna auna hasken da wani sinadari ke fitarwa, su ba da sakamako cikin sa'a guda ko ƙasa da haka. Yawancin takardun da ake kawo mana daga waɗannan hanyoyi biyu suke fitowa.

4.5 Hanyar rayayyun ƙwayoyi. Hanyoyin da suka gabata suna nuna cewa antibodi ya manne ne kurum. Idan ana son sanin abin da yake yi bayan ya manne, sai a zuba ruwan jinin a kan rayayyun ƙwayoyin halitta masu makarɓar TSH, a ga ko ya zuga su ko ya toshe su.

Abin lura a nan shi ne, ko da yake Hukumar Lafiya ta Duniya tana da ma'aunai na bai-ɗaya, lambar da injin wani kamfani ya bayar ba lalle ta yi daidai da ta wani ba. Saboda haka ba a karanta lamba sai tare da iyakar da ɗakin gwajin da ya yi aikin ya rubuta a gefenta, kuma ba a kwatanta sakamakon ɗakuna biyu a ce ciwo ya ƙaru ko ya ragu.

5.0 TAYIROYID

5.1 Antibodin TPO da na tayirogulobulin. Ana samun antibodin TPO a jinin fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu cutar Hashimoto, inda gaɓar ke lalacewa sannu a hankali har mutum ya riƙa jin kasala da sanyi da nauyin jiki. Wannan ne ya sa gwajin ke da amfani idan an riga an ga TSH ya hau, ana son sanin dalili. Matsalar ita ce ana samunsa a jinin lafiyayyu da yawa. A babban binciken lafiyar jama'ar Amurka da aka gudanar daga 1988 zuwa 1994, kimanin kashi 11 cikin ɗari na mutanen da ba a san su da ciwon tayiroyid ba suna ɗauke da shi, mata sun fi maza, tsofaffi sun fi yara, kuma a tsakanin baƙar fata bai kai kashi 5 ba.

To, mene ne makomar lafiyayye mai ɗauke da shi? Binciken garin Whickham na Ingila, wanda ya bi mutane har shekara ashirin aka buga sakamakonsa a 1995, ya nuna cewa a cikin mata masu antibodi kaɗai, kimanin kashi 2 cikin ɗari ne gaɓarsu ke gazawa a kowace shekara, idan kuwa an haɗa antibodi da hawan TSH, adadin ya wuce kashi 4. Ashe ke nan matar da aka samu da antibodin TPO alhali TSH ɗinta daidai yake, ba ta bukatar magani, abin da take bukata shi ne a riƙa auna mata TSH lokaci lokaci. Maimaita gwajin antibodin kansa ɓarnar kuɗi ce, domin ba da shi ake daidaita magani ba. Inda ake ƙara sa ido shi ne lokacin ciki da bayan haihuwa, domin daga kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin matan da ke da wannan antibodi a farkon ciki sukan sami kumburin tayiroyid cikin shekarar da suka haihu, kuma sau da yawa a ɗauka gajiyar jego ce.

Shi kuwa antibodin tayirogulobulin babban amfaninsa yana ga waɗanda aka cire wa tayiroyid saboda ciwon daji. Ana bin sawun dawowar ciwon ta auna tayirogulobulin a jini, amma idan akwai antibodi yakan sa injin ya ba da lamba ƙasa da ta gaskiya. Don haka ake auna su tare.

5.2 Antibodin makarɓar TSH. A cutar Graves, wadda ta ɗauki sunan likitan Dublin da ya bayyana ta a 1835, antibodi yana zama a makarɓar TSH ya yi ta ba da umurnin ƙarya, gaɓar ta yi ta zubo homon, mutum ya rame yana cin abinci, zuciya na bugawa, hannu na rawa, wani lokaci idanu su firfito. Gwajin TRAb na zamani yana kama fiye da kashi 95 cikin ɗari na masu cutar, kuma da wuya ya nuna ta a inda babu ita. Amfaninsa na farko shi ne raba Graves da kumburin tayiroyid na ɗan lokaci ko maƙoƙo mai ƙulli, domin maganinsu ya bambanta. Na biyu, ana duba shi kafin a dakatar da magani bayan wata 12 zuwa 18, domin idan yana nan da yawa cutar takan dawo. Na uku kuma shi ne mafi nauyi. Wannan antibodi yana ratsa mabiyiya ya shiga jinin ɗan tayi. Matar da aka cire wa tayiroyid shekarun baya tana iya jin lafiya lau, amma antibodin yana nan a jininta, ya je ya zuga tayiroyid ɗin jaririn. Ƙa'idar Ƙungiyar Tayiroyid ta Amurka ta 2017 ta ce a auna shi a farkon ciki, idan ya hau a sake tsakanin mako na 18 da na 22, kuma idan ya ninka iyakarsa sau uku a sa wa ɗan tayin ido sosai.

5.3 Alaƙarsa da maƙoƙo a ƙasarmu. An daɗe ana danganta maƙoƙo a Nijeriya da ƙarancin sinadarin aidin, kuma shi ya sa aka wajabta sanya aidin a gishiri a 1993. A inda aidin ya wadatu, rabon cin-gida a cikin cututtukan tayiroyid yakan ƙaru, har a ƙasar Denmak an lura masu ɗauke da antibodin TPO sun ƙaru bayan an fara sanya aidin a gishiri. Saboda haka bai kamata mu ci gaba da koya wa ɗalibanmu cewa kowane maƙoƙo rashin aidin ne ba.

6.0 CIWON SUKARI

Antibodi huɗu ake nema a nan: na GAD, na IA-2, na ZnT8 da na insulin. Da ma'aunin sukari ake tabbatar da ciwon sukari. Aikin antibodi shi ne ya taimaka a san nau'insa, watau ko nau'i na 1 ne inda garkuwar jiki ta rusa masu yin insulin, ko nau'i na 2. A ƙasashen Turai, kimanin tara cikin goma na yaran da suka kamu da nau'i na 1 ana samun aƙalla ɗaya daga cikin huɗun. A babban binciken ciwon sukari na Birtaniya kuma an ruwaito a 1997 cewa kimanin ɗaya cikin goma na manyan da aka ɗauka nau'i na 2 gare su suna da antibodin GAD, kuma su ne suka fi saurin bukatar insulin. Sharaɗi guda shi ne, antibodin insulin ba ya karantuwa idan mutum ya yi kamar mako biyu yana allurar insulin, domin allurar da kanta tana sa jiki ya ƙera shi.

A fagen hasashe, yawan nau'o'in antibodi ya fi girman lambar muhimmanci. Wani bincike da aka buga a 2013, wanda ya haɗa yara fiye da 13,000 daga Amurka da Finlan da Jamus, ya nuna cewa a cikin masu antibodi biyu ko fiye, kimanin kashi 70 cikin ɗari sun kamu cikin shekara goma, masu guda ɗaya kuwa kimanin kashi 15. A kan haka aka kasa cutar matakai uku a 2015, kuma a Nuwamba 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin teplizumab, wanda ke jinkirta bayyanar cutar da kimanin shekara biyu ga waɗanda ke mataki na biyu.

Duk waɗannan alƙaluma daga Turawa aka samo mafi yawansu, kuma a nan ne ya kamata mu yi taka-tsantsan. Tun a 1968 Farfesa B. K. Adadevoh ya bayyana wani ciwon sukari na ɗan lokaci a tsakanin manya 'yan Nijeriya. Mutum kan zo asibiti a galabaice kamar mai nau'i na 1, a ceto shi da insulin, bayan wasu makonni ko watanni fankiriyas ɗinsa ta farfaɗo har a iya janye allurar. Irin waɗannan galibi ba a samun antibodi a jininsu. A ɗaya gefen kuma, wani bincike da aka buga a 2025, wanda ya duba yara da matasa kusan 900 a Kamaru da Yuganda da Afirka ta Kudu da aka ce suna da nau'i na 1, ya sami kimanin kashi 65 cikin ɗari ba su da antibodi, alhali jikinsu yana fama da ƙarancin insulin na gaske.

Ga mutum biyu ke nan, takardarsu ta antibodi iri ɗaya ce, duka ba a sami kome ba. Na farko ana iya janye masa insulin a ƙarƙashin kulawar likita, na biyu kuwa idan aka janye masa yana iya rasa ransa cikin 'yan kwanaki. Abin da ke taimakawa a raba su shi ne auna C-feftayid, watau guntun furotin da fankiriyas ke fitarwa tare da insulin, wanda ke nuna yawan insulin da jiki ke yi da kansa, kuma ana auna shi ne bayan sukari ya lafa. Lalle ne kada wani ya karanta wa saurayi takarda ya ce masa tunda babu antibodi ya ajiye allura.

7.0 ADIRINAL DA HAƊUWAR CUTUTTUKA

Lokacin da Thomas Addison ya bayyana gazawar adirinal a Landan a 1855, tarin fuka ne babban musabbabinta. A Turai ta yau cin-gida ne ya fi yawa, kuma ana samun antibodin 21-hayidirokisiles a jinin kimanin kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na waɗannan. A ƙasashenmu kuwa tarin fuka yana nan, saboda haka amfanin gwajin yana fitowa ta fuska biyu. Da farko ana tabbatar da gazawar ta auna kotisol na safe da ACTH, ko a yi allurar ACTH a ga ko gaɓar za ta amsa. Idan an sami antibodi, an san musabbabi. Idan ba a samu ba, sai a ɗauki hoton gaɓar a nemi tarin fuka, tare da tuna cewa rifamfisin, ɗaya daga magungunan tarin, yana hanzarta ƙonewar kotisol a hanta. Duhun fata da littattafai ke ambata yana da wuyar gani a jikin baƙar fata, sai a duba dasashi da layukan tafin hannu.

Waɗannan cututtuka sukan zo a haɗe. Mai ciwon sukari nau'i na 1 ya fi sauran mutane haɗarin kamuwa da cutar tayiroyid, shi ya sa ake auna masa TSH da antibodin TPO. Haɗuwar gazawar adirinal da ta tayiroyid kuwa Schmidt ya bayyana ta tun 1926, kuma tana da haɗari na musamman: idan aka fara ba da homon tayiroyid kafin a maye gurbin kotisol, marar lafiya na iya faɗuwa hawan jininsa ya zube.

8.0 TARKUNAN FASSARA

Na farko shi ne iyakar gwaji. A gwajin antibodin tsibirai akan sa iyaka a inda mutum 99 cikin lafiyayyu 100 suke ƙasa da ita, watau tun daga tushe an yarda mutum guda zai fito da sakamakon ƙarya. Bari mu ƙaddara misali domin lissafi kawai. A ce gwaji yana kama 80 cikin masu cuta 100. Idan aka gwada manya 1,000 masu ƙiba da ciwon sukari, waɗanda 20 ne kawai a cikinsu ke da cin-gida, gwajin zai kama 16 na gaske, ya haɗa da kimanin 10 na ƙarya. Idan kuwa aka gwada wasu 1,000 waɗanda 800 daga cikinsu ke da cin-gida, zai kama 640 na gaske da 2 na ƙarya. Gwajin bai sauya ba, waɗanda aka yi wa ne suka sauya. Saboda haka darajar sakamako tana rataye da dalilin da ya sa aka nemi gwajin.

Na biyu shi ne bayotin, wani bitamin da ake sha domin gashi da farce. Injina da yawa suna amfani da bayotin a cikin haɗinsu, kuma idan ya yi yawa a jini yana iya sa TSH ya fito ƙasa, T4 da TRAb su fito sama, a ga kamannin cutar Graves a jikin lafiyayye. Hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka a 2017, kuma ana shawartar a dakatar da shi aƙalla kwana biyu kafin a ɗebi jini.

Na uku shi ne tafiyar samfuri. Sau da yawa ana ɗibar jini a wani gari a aika wani. Antibodi yana da juriya, yana yin kwanaki a firji, amma daskarewa da narkewa a kai a kai, kamar yadda kan faru idan wuta na ɗaukewa, yana iya ɓata samfurin.

9.0 KAMMALAWA

Daga bayanin da ya gabata an ga cewa samun antibodi a jini bai isa a ce mutum ba shi da lafiya ba, kamar yadda matan Whickham suka nuna, kuma rashinsa bai isa a ce jiki yana yin homon da yake bukata ba, kamar yadda matasan Kamaru da Yuganda suka nuna. Ana fara auna homon, sa'an nan a nemi antibodi idan amsarsa za ta sauya abin da likita zai yi.

Ina da shawara uku ga mahalarta. Ta farko, mu malamai idan aka kawo mana takarda, mu bayyana ma'anar kalmomin, mu tambayi ina sakamakon homon, sa'an nan mu mayar da mai ita wurin likitansa, kada mu yanke hukunci a kan magani. Ta biyu, masu bincike a jami'o'inmu da asibitocin koyarwa su fitar da iyakokin waɗannan gwaje-gwaje daga jinin mutanenmu, tunda an ga yawan antibodi yana bambanta tsakanin al'ummomi. Ta uku, masana harshe da ke wannan zaure su duba kalmomin da na yi amfani da su, kamar maci-gida da makarɓa da gaɓoɓin homon, su gyara abin da ya karkace, domin marar lafiyar da aka yi wa bayani da harshensa ya fi riƙe abin da aka gaya masa.